Keke Bakwai Da Na Huda

Ku biyun nan da kuka zo mini jiya da kwali a bayan babur, ku jingine keken can ku jawo benci. Jiya da kuka buɗe kwalin na ga inji sabo fil, da tanki da sarƙa da salansa, kowanne a cikin ledarsa. Ɗayanku ya zaro waya ya nuna mini wani mutum yana ɗaura irinsa a jikin keke, kafin shayi ya huce ya gama ya hau ya tafi. Kuka ce sifana kawai zan ara muku, kafin La'asar kun kammala. Na ara muku. Ga shi yau kun dawo kuna turawa, sarƙa ta tsinke sufok huɗu, wilin baya ya karkace kamar faifan da aka zauna a kai. Ba dariya nake muku ba. Ni Tanimu da kuke gani na haura shekara talatin a rumfar nan ta unguwar Yalwa a Garwa ina ɗaura wa keke inji, kuma na taɓa yin ɓarnar da taku wasa ce a gabanta. Shi mutumin cikin wayar ban san garinsu ba, amma na tabbata ba a Garwa yake ba cikin watan Afirilu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wili ne. Ubangidana Baba Hammadu, wani Bafulatani mai gyaran keke a gefen babbar kasuwa, ya miƙo mini gare-gare tsirara da damin sufok ya ce in ɗinka. Na kwana biyu a kai, na kai masa ina jin kaina. Bai ko juya wilin ba. Ya sa farce yana kaɗa sufok ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada tsirkiyar garaya, kunnensa a kusa. Da ya zo kan wani sai ya tsaya.

Ya ce, "Wannan barci yake yi. Maƙwabcinsa ne ke ɗaukar masa kaya."

Ya kwance duka ya zube mini a ƙasa. Sau nawa ya yi mini haka, ban riƙe ba. Hausarsa ba ta da yawa, rabin faɗansa da Fulatanci yake yi, kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce "sese, sese," wato a hankali. Na shekara biyu a wurinsa ban taɓa abin da ke shan mai ba. Daga faci sai birki, sai boris, sai miƙe ƙahon keken da ya sha ƙasa.

Kayan aikinsa duka akwatin katako guda ne: makullin sufok, sifana uku, magagari, zarto da gudumar itace. Bai yarda gudumar ƙarfe ta taɓa jikin keke ba. Da bazara yakan jiƙa buhu ya lulluɓe akwatin, don sifanar da ta yini a rana, in ka ɗauka sai ta bar maka tambari a tafin hannu. Akwai kuma abin da ya hana ni tun makon farko, huda firam. Ya ce gangar jikin keke bututu ne, ƙarfinsa a zagayensa yake. Ka ɗaure shi, ka rungume shi da ƙarfe, amma kada ka yi masa rami.

Injin farko da muka ɗaura ba a kwali ya zo ba. Daga jikin wani tsohon injin feshin auduga muka ciro shi. Wani modibbo ne ya jawo aikin, malami mai karantar da manya a Fitowa duk ranar kasuwa, gwiwarsa ta fara ƙin feda, shi kuma ya ce ba zai hau babur ba, ya fi ƙarfinsa. Muka kafa injin a saman wilin baya, muka sa masa ɗan gora na ƙarfe mai kaushi yana gogar taya. Ya tafi kuwa, har da gudu. Illa dai duk wata sai taya ta gaigaye kamar ɓera ya kwana a kanta, in kuma aka yi ruwa, goran ya riƙa zamewa, inji na ihu keke na tsaye. Modibbo bai taɓa kawo ƙara ba. Zai zo ya yi sallama, ya zauna da carbinsa har mu canja taya, ya naɗe babbar riga a cinya ya tafi yana hayaƙi. Daga ganinsa ne masu albasa da masu kifi suka fara zuwa. Babur yana da tsada, yana da takardu, in ya mutu a daji kuma sai turi. Keke mai inji kuwa in mai ya ƙare sai ka taka feda ka isa gida. Bayan wasu shekaru injinan kwali suka fara shigowa ta Najeriya, lokacin Baba Hammadu ido ya yi rauni, ya ce in je in buɗe rumfata.

Aikin da ya koya mini zafin garin nan na wani mai albasa ne. Ya ɗauki kekensa sabo da safe, da azahar aka kawo shi a bayan mota. Inji ya ƙame, feda ba ta juya shi. Na buɗe na tarar fistin ya narke ya liƙe da bango kamar tuwon da aka manta a wuta. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce tun daga gadar Binuwai bai saki totur ba, da ya ji inji ya fara kuka sai ya tsaya ya kwara masa ruwan gora. To ku ji. Injin nan ba shi da fanka, ba shi da ruwa, iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya shi. A watan Afirilu kuwa iskar da ke dukan fuskarka a kan kwalta tamkar ta bakin tanda ce, me za ta sanyaya? Tun daga ranar nake ƙara wa keken bazara baƙin mai a cikin fetur, in ɗaga allurar kafireto ɗan kaɗan don ya sha mai sosai, gara ya yi hayaƙi da ya ƙone. Ina gaya wa mai keke ya fita da asuba, in rana ta take ya nemi gindin dalbejiya, ya bar inji ya huce da kansa. Kada ya cika tanki maƙil, don fetur ɗin kwalba da muke saye a bakin titi yana kumbura a rana ya tsiyayo kan inji mai zafi. Kada ya cika taya da iska tam. Tiyub mai faci uku kuma a yar da shi, don kwalta na narka gam. Shi kansa mahayin, in bai jiƙa rawani ba, in bai sha ruwa ba, zai ga hanya ta fara rawa a idonsa, kuma a lokacin ne rami ke samun mutum. Duk wannan ba ya cikin kwali.

Shekarar da ta kusa rufe rumfar nan, da wani sabon samfurin keke ta fara. Kekuna ne masu kyan gani, fenti na ƙyalli, bututunsu mai kauri, musamman wanda ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda. A jikin wannan bututun ake ɗaure gaban inji. Maɗaurin da ke zuwa cikin kwali bai iya rungumarsa, ya yi kaɗan. Abin da ya kamata in yi na san shi: in yanka fallen ƙarfe, in lanƙwasa wani ya zagaye bututun, in ɗaure da noti biyu. Aikin yini guda ne kowane keke. Ni kuwa mutane sun yi layi, kowa na son nasa kafin damina. Na ɗauki abin huda ƙarfe na yi wa bututun rami ɗaya, na zura dogon noti, inji ya zauna daram. Minti kaɗan. Na girgiza shi, bai motsa ba. Na ce a raina, ƙarfen yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne, dubi kaurinsa. Ban tsaya na lura cewa faɗi ne kawai ba, bangonsa siriri ne kamar gwangwanin madara. Keke bakwai na yi wa haka a bazarar nan.

Damina ta wuce lafiya, kaka ta wuce. Sanyi ya fara shigowa, wata ranar Litinin da hantsi sai ga motar kifi ta tsaya a gaban rumfata. Aka sauko da keke gida biyu, wilin gaba da ƙaho daban, sauran daban, wayoyin birki ne kawai suka haɗa su. Bayansa Abakar ya sauko, hannun dama a rataye da ƙyalle. Abakar ɗan ƙabilar Kotoko ne, yana ɗauko ɗanyen kifi daga Lagdo ya kai ƙauyukan bakin hanya, ya daɗe yana hulɗa da ni.

Na ce, "Subhanallahi! Mota ce?"

Ya ce, "Ba mota. Ba rami. Hanya shimfiɗe, ina tafiya a hankali don kifi. Sai kawai na ga ƙaho a hannuna, keken ya bar ni."

Ƙashin kafaɗarsa ya karye, maɗori ya ɗaure. Na durƙusa na duba inda ƙarfen ya rabu. Daidai kan ramin da na huda. Rabin karayar ta yi tsatsa, wato ta daɗe tana ci a ɓoye a ƙarƙashin inji, girgiza na buɗa ta kullum. Sauran rabin fari tas, shi ne na ranar.

Na jira ya zage ni. Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Tanimu, nawa ka yi irin wannan?"

Na ce, "Bakwai, har da naka."

Ya ce, "To me kake yi a durƙushe? Ni a shimfiɗe na faɗi. Sauran shidan a ina suke hawa?"

A ranar na rufe rumfa. Na biya ta gidan Baba Hammadu, yana zaune a zaure, ido ya tafi gaba ɗaya. Na ɗora masa guntun bututun a hannu. Ya shafa, yatsansa ya faɗa ramin. Bai tuna mini abin da ya taɓa faɗa ba. Ya ce kawai, "Je ka nemo su. Kada ka aika, je ka da ƙafarka."

Biyar ba su ba ni wahala ba. Biyu a nan cikin gari suke, ɗaya a Fitowa, ɗaya a Ngong, ɗaya wajen masu shinkafa a ƙasan madatsar Lagdo. Duk wanda na samu sai in sauke injin a gabansa in kankare fenti in nuna masa. Uku sun riga sun fara tsagewa, siririn layi kamar gashi. Na canja wa kowa firam. Wani ya gode, wani ya kwashe kayansa ya kai wa wani makanike, ya kuma ba da labarina a duk majalisar da ya zauna. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa. Wata da watanni bayan haka ba wanda ya kawo mini inji, na koma faci da ɗinkin wili kamar ranar da na fara.

Na bakwai ne ya hana ni sakat. Na wani dattijo ne, Baba Bulus, manomi Kirista daga duwatsun Kapsiki. Ya zo Garwa ganin 'yarsa da bazara, ya ga keken a rumfata ya saya, aka ɗora masa a mota. Lambar wayar da ya bar mini ba ta shiga. Na shiga kasuwa layin masu dankali ina tambaya, har na samu wata mata 'yar ƙauyensu.

Ta ce, "Baba Bulus mai keken ƙara? Kowa ya san shi. A can saman yake, bayan coci. Yanzu ake haƙar dankali, ai duk Juma'a sai ya sauko da buhu biyu kasuwar gindin dutse."

Na ce, "Hanyar yaya take?"

Ta karkata tafin hannunta ta nuna mini. Ta ce, "Haka. Gefe guda dutse, gefe guda in ka leƙa sai ka ga shanu kamar awaki."

Ranar Talata ce. Laraba da asuba na ɗaure sabon firam da akwatin kayan aiki a bayan tsohon kekena, wanda ban taɓa hudawa ba, na kama hanyar Gidar. Garwa ko a watan sanyi, in rana ta ɗaga zafi ne. Na bi ƙa'idar da nake gaya wa mutane duk da raina na gaba, in yi tafiya in tsaya a inuwa, don in na ƙone injina ba mai isar da saƙon. Na kwana a Gidar. Alhamis na bar kwalta na shiga hanyar ƙasa mai hawa, duwatsu suna matsowa, tun La'asar na ji iska ta canja. Na kwana a wani ƙauye a gindin tudun, a zauren wani mai shayi.

Safiyar Juma'a na san abin da ake kira sanyi. Mu mutanen Garwa in muka sa rigar sanyi sau uku a shekara sai mu ce an yi sanyi. Can kuwa ruwan alwala sai da ya sa haƙorana kaɗawa. Yatsuna suka ƙi riƙe sifana. Sirdin keke ya jiƙe da raɓa, hannun kuloci ya yi tauri don man shafawar ciki ya daskare. Na taka feda na saki kuloci, inji ya yi tari ya yi shiru. Na sake, haka. Injin da ke tashi mini a taku uku a gida. Fetur in ya yi sanyi ba ya son zama tururi, baƙin man cikinsa kuma ya yi kauri ya jiƙe buji, abin da mutanen Najeriya ke kira fulogi. Na kwance bujin na kai shi bakin murhun mai shayi ya yi ɗumi, na jiƙa tsumma da ruwan zafi na naɗe kafireto, na rufe cok don a rage masa iska. A karo na biyar ya kama. Kafin nan rana ta riga ta fito, masu zuwa kasuwa sun fara saukowa.

Hawan nan ban taɓa yin irinsa ba. Inji na ja ina taya shi da feda, wani wurin in sauka in tura. Iska na yanka kunnuwana, gumi kuma na bin bayana. Duk wanda na gamu da shi, mata da kwanduna a ka, maza da jakuna, sai in tambaya, "Kun ga Baba Bulus?" Wasu ba sa jin Hausa, in maimaita da Fulatanci. Wani ya ce bai gan shi ba. Wani ya ce ai ya ji za shi kasuwa yau. Duk kwanar da na sha sai na leƙa ƙasa. Na kashe inji sau biyu ina saurare ko zan ji ƙarar nasa yana tahowa, don in tare hanya.

Na iske shi a ƙofar gida, cikin tsohon kwat da hular ulu. Keken yana tsaye, buhun dankali guda a ɗaure a baya, shi da surukinsa suna ɗaga na biyu. Yana ganina ya saki buhun.

Ya ce, "Yawwa! Allah ya kawo ka. Mekanisiyan Garwa! Kai ne ka sayar mini da jakin da ba ya tashi?"

Na jingine kekena ina haki.

Ya ce, "Mako uku ke nan. Tunda sanyi ya sauka ya ƙi. Na taka feda daga nan zuwa coci, daga coci zuwa rijiya, har ƙafafuna suka mutu. Dankalina a kan jakin mutane yake sauka, ana mini dariya. Yau surukina ya ce mu yi masa lodi in sake shi a gangara, in ya yi gudu dole ya tashi."

Na ce, "Baba, mako uku ba ka sauka da shi ba?"

"Da me zan sauka? Ba na ce maka ya ƙi ba?"

Na zauna a kan dutse na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Da na sayar masa da keken ana tsakiyar zafi, ban ko nuna masa cok ba, don a Garwa ba ma taɓa shi. Ɓarnata ta biyu ke nan a kan keke ɗaya, ita ce kuma ta tsare shi a gida.

Ya ce, "Ina faɗa maka kekena ya mutu kana godiya?"

Na ce, "Baba, a kwance buhun nan. Ina so in nuna maka wani abu."

Matarsa, Mama Kwada, ta fito daga madafa tana goge hannu. Na kwance injin na ajiye a kan buhu. Ban ma buƙaci kankare fenti ba. Tsagar ta tashi daga ramin ta zagaye bututun ta ɓangare biyu, abin da ya rage bai fi faɗin yatsa ba. Na riƙe ƙaho, na ɗora ƙafa a kan firam, na danna ba da ƙarfi ba. Ya ce ƙas, ya rabu.

 Surukin ya cire hularsa ya juya yana kallon hanyar da ke gangarawa. Mama Kwada ta ce, "Yesu!" ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Baba Bulus ya ɗauki guntun ya duba. Ya ce, "Wannan ramin, haka ya zo daga kamfani?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni na huda shi. Ubangidana ya hana ni, na yi don sauri. Wani ya riga ya karye a kan irinsa."

Ya ajiye guntun. Ya ce, "Daga Garwa ka taho a kan wancan abin don ka gaya mini haka?"

Na ce, "Da sabon firam na zo."

Ya juya ya ce wa matarsa wani abu da yarensu. Ta tashi ta shiga, ta fito da kunu mai zafi a ƙwarya da dafaffen dankali. Ya ce, "Ci tukuna. Ba ka taɓa mini keke da yunwa."

Kasuwar ranar ta wuce shi. Na yini a tsakar gidansa ina mayar da komai kan sabon firam. Na yanka fallen ƙarfe, na lanƙwasa maɗauri ya rungume bututun, na sa guntun roba a tsakani don ya sha girgiza. Na ɗaure sufok ɗin baya ina kaɗa su da farce. Na zubar da man tankinsa, na tarar da ruwan raɓa kwance a ƙasa. Na nuna masa cok, na sa ya rufe ya buɗe da hannunsa sau da yawa. Na ce ya riƙa kwana da keken a ɗaki, da safe ya fito da shi rana ta ɗan taɓa shi, in ya tashi ya bar shi ya yi ɗumi kafin ya ja. Na canja masa robar birki duka biyu.

Asabar da safe, sanyi na nan yadda yake, injin ya tashi a taku na huɗu. Baba Bulus ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗaga ƙafa zai hau, sai Mama Kwada ta riƙe ƙahon.

Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "A'a. Wanda ya ɗaura, shi ya fara sauka."

Na ce, "Gaskiyarki, Mama. A ɗora mini buhu biyun."

Baba Bulus ya ce, "Ba buhu. Ni ne buhun. In ka yarda da aikinka, ni ma na yarda."

Ya hau baya ya riƙe ni. Muka fara gangarawa. Na kama kuloci na bar inji yana numfashi a hankali, ina ɗan taɓa totur don mai ya riƙa ratsa shi. Birkin gaba, in saki, birkin baya, in saki, don kada gare-gare ya yi zafi ya fasa tiyub. Sau biyu muka tsaya na taɓa ƙarfen na jira ya huce, na leƙa maɗaurin, bai gusa ba. A kwanar da ta fi kowace tsanani, inda ake hango shanu ƙanana a ƙasa, yatsun dattijon suka shige haƙarƙarina har na ji zafi. 

Da muka taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wajen rumfunan kasuwa, ba kowa sai awaki, na tsaya na kashe inji. Rana ta fara ɗumi a nan ƙasan. Na buɗe hannuwana da ƙyar daga kan birki. Baba Bulus ya sauka, ya miƙe baya, ya cire kwat ɗinsa ya rataya a ƙaho. Ya ɗaga kai ya kalli inda muka fito.

Ya ce, "Malam Tanimu, tun daga sama nake addu'a. Kai ma ina jin bakinka na motsi."

Na ce, "Ban tsaya ba, Baba."

Ya ce, "To ban san ta wa aka fara karɓa ba. Mun dai sauko. Matsa baya, ni zan ja mu zuwa sama."